Kafaɗar Nomau da Bakin Baba

Ranar wata kasuwar Bagudo ce, cikin kakar 1960, 'yan makwanni bayan samun 'yancin kai, lokacin ƙananan tutocin da ke hannun 'yan makarantar elementare ba su ma gama yagewa ba. Ina tsugune a layin 'yan kifi, a gefen tabarmar mahaifina, ina korar ƙuda da ganyen kaba, sai ga wata Bayarabiya da ta daɗe tana sayen bandar kifinmu kwando-kwando. Ta gaishe da Baba, ta ɗaga tarwaɗa guda ta shinshina, ta ajiye, ta taka kaɗan ta tsaya gaban tabarmar da ke jikin tamu, ta Baba Gado. Kafin ka ce me, 'yan dako sun fara ɗaure mata kayansa. Baba Gado ya jira har ta ba da baya, sannan ya karkaɗe hannuwansa kamar ɗan kokawar da ya gama aiki, ya ce wa Baba yadda duk layin zai ji, "Arzika, tashi ka kakkaɓe bayanka, ƙasa ta ɓata ma riga." Layi ya ɗauki dariya. Baba ma ya yi dariyar, amma ni da nake kusa na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Tsautsayi kuma ya kawo Tanko maroƙin 'yan kokawa a daidai wannan lokaci, yana bin layi yana yi wa mutane kirari. Baba ya yafito shi, ya ɗauki giwan ruwa mafi girma a tabarmarmu ya ɗora masa a hannu, ya ce, "Tanko, kai min wagga magana fage. Ga kasuwa Gado ya kada ni. To ya kawo ɗansa ranar da za a buɗe kokawar kaka, ni ma in kawo yaron gidana. Kare jini biri jini, kuma ba rabawa sai guda ya sha ƙasa." Tanko ya ɗaga kifin sama ya kece da kirari, layi ya ruɗe da shewa. Ni kuwa na san abin da Baba bai sani ba. Yaron gidan da yake nufi yayana ne Nomau, kuma a ranar nan Nomau ko cokalin koko ba ya iya kaiwa bakinsa da hannun dama.

Baba Gado ba baƙo ba ne gare mu. Taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa da aka aurar a wani ƙauyen Dandawa can ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome, wadda a lokacin muke ce wa ƙasar Faransa. Duk kasuwa zai tsallako da jakinsa da kwandunansa, ya shimfiɗa tabarma a jikin ta Baba, su ci tuwo a akushi ɗaya, su wuni suna yagar juna da baki. Ai an san taubasai, abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai shi ƙara, ba a kuma riƙe shi a zuci. Wannan shekara ma da sabon makami ya zo, wai su sun riga mu samun 'yanci, saboda haka su ne yayye, Baba ya riƙa ɗaukar masa buta. Mutane kan baro layin hatsi da na dabbobi su zo su tsaya don kawai su ji su. Sai dai a ranar nan wasan ya haɗu da ciwon gaske, domin matar da ta juya mana baya ita ce babbar mai sayenmu.

Yadda 'yan kasuwarmu ke magana kuwa, in ka rufe ido sai ka rantse a fagen kokawa kake. Ba a cewa wane ya fi wane ciniki, sai dai a ce ya kai bayansa ƙasa. Wanda ya karya farashi a ɓoye, an ce ya yi wa ɗan'uwansa ƙafa. Wanda ya yi sammako ya tare Sarkawa masunta tun a bakin kogin Kwara ya kwashe kifin kafin saura su iso, an ce ya shiga ƙarƙashinsu ya ɗaga su sama. In kaya suka yi kwantai, mai su ya sha ƙasa, in kuwa ya sayar da rabi, gwiwa ɗaya ce ta taɓa. A fage kuma sai a juya abin: ɗan kokawar da aka kayar da wuri, an saye shi da araha, wanda ya gagara kuwa kaya ne da ba a tayawa. Har mu 'yan mata masu talla mun ɗauka. In na riga wata sayar da ƙuli-ƙulina, sai in kifa faifai in ce mata, "Yau na kwantar da ke." Mu yi dariya mu koma gida tare, ba wanda ya ji ciwo.

Gidanmu yana Kurgu. Tsakar gida ce mai faɗi, da rumbuna a gefen gabas, da murhun banda a bayan ɗakin Inna, inda hayaƙi bai taɓa yankewa ba, har tufafinmu da gashinmu duk ƙaurin kifi suke. Baba mutumin bakin kogi ne da kasuwa, yakan yi kwanaki ba ya gida, saboda haka gona tana wuyan Nomau. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai ne namiji baligi, sauranmu mata ne sai ƙananan maza biyu da ko akuya ba su iya kora ba. Shi ke huɗa, shi ke noma da maimai, shi ke girbi da ɗaurin dami. Ni aikina ɗiban ruwa, da surfe, da korar tsuntsaye daga kan rumfar gona ina kaɗa gwangwani har muryata ta dushe. Da yamma in 'yan mata suna gaɗa, ni ina can ina leƙen maza suna langa da kokawa a kan rairayi, inda Nomau ke kifar da sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne marar magana, ni kuma tun ina ƙarama ake ce mini bakin ganga, amma duk gidan babu wanda ya shaƙu da shi kamata.

Ana gab da kasuwar nan ne abin ya faru, Baba yana bakin kogi. Muna zuba gero a rumbu, Nomau yana kan tsani ni ina miƙa masa dami, sai ƙafar tsanin ta nutse a ramin gara. Ya faɗo da kafaɗar dama. Bai yi ihu ba, amma da ya miƙe na ga hannun ya sauko ƙasa da ɗan'uwansa, yana reto. Na ɗora shi a jaki na ja har Matsinkai wurin wani tsohon maɗori. Tsohon ya sa ƙafa a hamatarsa ya ja, na ji ƙarar ƙashin ya koma mazauninsa, har yau in na tuna haƙorana suna mutuwa. Ya ɗaure shi da tsumma, ya dube shi ya ce, "Ko tulu kada ka ɗauka sai sanyi ya fita. In ta sake gocewa tun ba ta kama ba, hannun ga ya zama na ado, ko galma ba ka ƙara ɗagawa." A hanyar dawowa Nomau ya sa ni na yi alkawarin yin shiru, wai kada sa'o'insa su ji su raina shi. Ya riƙa yafa mayafi a kan ɗaurin, yana cewa mura yake yi.

Da muka dawo daga kasuwa na same shi a bayan rumbu na zayyana masa abin da Baba ya ce. Na ce ya je ya kwance mayafin nan a gaban Baba kawai, magana ta ƙare. Sai ya ce, "Ke Hajo, in na ƙi fita, ina Baba za shi zauna ga kasuwa?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin a yi nisa maganar ta cika ƙauyuka. Tanko ya mayar da ita waƙa, yara suna rera ta a hanyar rijiya, 'yan makarantar allo suna kokawa a bayan zauren malam, ɗaya ya ce shi Nomau ne, ɗaya ya ce shi Hamani ne ɗan Gado. Masu zuwa daga ƙetare suna ba da labarin Hamani, wai matuƙin jirgin ruwa ne, damtsensa kamar taɓarya. Duk wanda ya gamu da Nomau sai ya daka masa duka a kafaɗa don ƙarfafa gwiwa, shi kuwa ya yi murmushi gumi yana keto masa.

Inna ta sani, ba sai an gaya mata ba. Uwa ce, ta ga yadda yake cin tuwo da hagu. Amma Nomau ɗan fari ne, kuma a wurinmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baba ma haka, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Ba sa yabonsa, ba sa nuna damuwa da shi a gaban mutane, ko ciwo yake sai dai kaka ko gwaggo ta yi jinya, mu kuwa kakarmu ta rasu. Abin da Inna ta iya shi ne, kowace safiya sai in ga ƙwaryar ruwan zafi da ɗan kaskon man kaɗe a ƙofar ɗakinsa, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Da na matsa mata ta yi wa Baba magana, ta ci gaba da tankaɗenta, hawaye yana ɗiga a cikin garin, ta ce in tashi in ba ta wuri.

To ni dai ba a halicce ni da riƙe magana ba, kuma ban taɓa nadamar karya alkawarin nan ba. Ana gobe kokawa, da hantsi, na sami Baba a murhun banda yana juya karfasa, na faɗa masa komai, har da kalmomin maɗori ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa ya tsaya a kan kifi har na ji ƙaurin yatsunsa. Bai dube ni ba ya ce, "Shi ya aiko ki?" Na ce a'a. Ya ce, "Magana zarar bunu ce, Hajo. Wagga har ta ƙetare iyaka. Je ki kawo itace." Na tafi ina kuka ina jifan kaji. A ranar nan na tsani Baba, ban ɓoye wa kowa ba. Na ga dai da rana bai taɓa abincinsa ba, kuma ya je ƙofar ɗakin Nomau ya tsaya, ya yi gyaran murya, sannan ya juya bai shiga ba.

A filin da ke bayan makarantar elementare ta Bagudo aka kafa fage, bayan la'asar. Maza suka yi da'ira, dattawa a kan tabarmi a gaba, mata da 'yan talla a baya. Ni na ajiye faifaina wurin wata tsohuwa na kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane har na kai gaba. Mutanen ƙetare sun zo da gangunansu, suna cewa sun riga mu 'yanci za su riga mu kayarwa. Baba da Baba Gado suna kan tabarma ɗaya kamar kullum, Baba Gado yana ta zuba, Baba kuwa carbi kawai yake ja. Yara suka fara, sannan samari, ana kayarwa ana shewa, ni ban ga ko ɗaya ba. Idona yana kan Nomau, wanda ya ɗaura warkinsa, ya kuma jera kambuna da layu a damtsen dama har sama don su rufe ɗaurin. Da Hamani ya cire riga na ga ashe masu ba da labarinsa ba ƙarya suka yi ba.

Tanko ya shiga tsakiya, ganguna suka ɗauka. "Ga kayan da ba a tayawa," yake cewa yana nuna Nomau, "giwan ruwa ya fi ƙarfin ƙugiya. Arzika ya ce kare jini biri jini. Arzika ya ce ba rabawa." Jama'a suna amsa masa da ƙarfi. Kalmomin da na saba ji ana dariya a kansu a layin kifi, da na ji su a bakin ɗaruruwan mutane sai suka ba ni tsoro. A ka'ida, in kokawa ta yi tsawo ko aka ga wani zai ji ciwo, dattawan fage sukan shiga su raba, a ce an yi canjaras, ba wanda ya ji kunya. Amma yau mai ɗa da bakinsa ya hana rabawa, saboda haka dattawan suka naɗe hannu. Abin da ya rage wa Nomau guda ne, ya kai gwiwa ko tafin hannu ƙasa, a lissafa masa kaye. Na kuwa san halinsa.

Suka sunkuya suna zagaya juna. Nomau ya sa kafaɗar hagu a gaba, ya ɓoye ta dama a baya, yana neman ƙafar Hamani don ya gama da wuri. Ya kusa samu, har Hamani ya yi tangaɗi, mutanenmu suka miƙe tsaye. Amma Hamani ba yaro ba ne, ya lura da hannun da ake ɓoyewa. Bai san da ciwo ba, ya ɗauka dabara ce. Ya yi wuf ya cafke hannun daman, ya danne shi a hamatarsa, ya fara murɗawa yana turawa ƙasa. Igiyar kambunan ta tsinke, layu suka zube, tsumman maɗori ya fito fili. Nomau ya lanƙwashe har goshinsa ya kusa taɓa rairayi, hannun hagunsa ya ƙanƙame warkin Hamani, haƙoransa a waje, amma gwiwa ta ƙi sauka. Ganguna suka ƙara wuta. Na yi ihu ina cewa ya dafa ƙasa, ko ni ban ji muryata ba. Babban dattijon fage ya waiga ya dubi Baba.

Sai Baba ya miƙe. Bai tsaya neman takalmansa ba, bai kuma yi gudu ba, ya taka cikin fage da rigarsa ta kasuwa, abin da uban ɗan kokawa ba ya yi. Ya durƙusa a gefensu ya ce, "Nomau." Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, Nomau ma bai taɓa ji ba. Masu ganga na kusa suka ji, hannunsu ya tsaya, na nesa ma suka bi su. Yatsun Nomau suka saki warkin. Baba ya kama hannun hagun nan da hannayensa biyu, ya kai shi ƙasa, ya danna tafin a kan rairayi yadda kowa zai gani. Ya ce wa Hamani, "Sake shi, ɗana, ka kada shi." Sannan ya juyo, yana durƙushe, ya fuskanci tabarmar dattawa ya ce, "Gado, ka kada ni."

Mutanen ƙetare sun ɗaga Hamani sama, amma shewar ba ta yi nisa ba, domin shi kansa tsumman nan yake ta waiwaye. Nomau ya fizge hannunsa ya fita daga fage yana kukan baƙin ciki. Washegari maɗori ya taɓa kafaɗar ya ce ta fara fita ba ta ƙarasa ba, saura ƙiris. Hannun ya warke. Da shi Nomau ya noma mana abin da muka ci har aka aurar da mu duka, sai dai in damina ta yi tsakiya yakan yi masa tsami. Amma ya daɗe bai yafe wa Baba ba. Watanni ya yi ba ya cin tuwo a zaure, yana cewa da an bar shi da ya juya Hamani, kuma bai ƙara ɗaura warki ba.

Kasuwar da ta biyo baya, layin kifi ya cika tun da hantsi, kowa yana jiran ya ji da me Baba Gado zai fara, tunda an ba shi makamin da zai ishe shi har ƙarshen rayuwa. Baba ma ya shirya, na ga ya gyara zama yana murmushin ƙarfin hali. Baba Gado ya sauke jakinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya jera kifinsa, sannan ya ce, "Arzika, an tashi lafiya? Ya mai jiki?" Baba ya ce da sauƙi. Shi ke nan. Mutane suka gaji da tsayuwa suka watse. Daga ranar nan gaisuwar mutunci ce tsakaninsu, irin wadda ake yi wa suruki. Ko a watan cika-ciki da taubasai ke bin juna da tsokana, Baba Gado bai ƙara tsallakowa gidanmu ba. Baba ya sha gwada shi, ya kushe kifinsa, ya zagi jakinsa, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce haka ne. Ban sani ba ko tausayi ne, ko kuwa kunyar yadda ya kusa zama sanadin nakasa yaron. Shekaru da yawa bayan haka, da Baba Gado ya rasu, Baba ya ƙetara ta'aziyya, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya ce, "Ya tafi. Duk shekarun nan jira nike ya zage ni ko sau guda."

Yanzu babura sun maye gurbin jakuna a hanyar iyaka, filin nan kuma ragar ƙwallo aka kafa masa. Jikokina suna zama a zaure da rediyo da waya, in ji suna cewa an lallasa wane, an yi wa su wane kaca-kaca, 'yan kasuwarsu ma kullum wani ya murƙushe wani. Su faɗa, su tashi su sha shayi tare, ba wanda aka tura ya cika maganar da jikinsa. Wataƙila haka ya fi, ni ma na sani. Amma in na ratsa layin 'yan kifi na ga kowa ya sunkuya a kan kayansa, sai in ji kewar bakunan tsofaffin nan biyu ta kama ni. A zamaninmu magana tana da nauyi, kuma ba kullum mai faɗin ta ne ke ɗaukar ta ba.